Aminiyata na jinyar iyayenta biyu ita kaɗai, kuma ta maido min da kuɗin da na ba ta

Maman Tagwaye, Mabera

Assalamu alaikum. Na daɗe ina leƙowa ina karantawa ban taɓa tofa komai ba. Yau dai abin ya tsaya min a rai, na ce bari in kawo shi gaban manya.

Ina da aminiya tun muna aji 1 a makarantar kwana, gadonta a sama nawa a ƙasa. Ita ce babbar ƙawa a bikina, kuma da na haifi tagwayena ita ta tare a gidana har bayan suna, tana wankin tsumma ba dare ba rana. Ba zan kama sunanta ba. Gidansu yana cikin garin Sakkwato, wajen Ƙofar Rini, irin tsofaffin gidajen nan masu zaure biyu da rijiyar da ta daɗe da ƙafewa.

Wata 5 ke nan Babanta ya yanke jiki ya faɗi yana alwalar Asuba. Aka kwashe shi zuwa asibiti, aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Kwana 19 ya yi a kwance aka sallamo shi. Baki ya karkace, magana ba ta fita sai an kasa kunne sosai, hannu da ƙafa sai an ɗaga masa. Inna kuwa dama ta daɗe da ciwon suga, allura take yi safe da yamma, kuma tun kafin azumi ƙaya ta soke ta a tafin ƙafa, wurin ya ƙi warkewa har yau. Wadda ya kamata ta yi jinyar miji, ita ma jinyarta ake yi.

Su 4 ne wurin iyayensu. Babban wa yana aiki a Kaduna, mai bi masa yana kasuwanci tsakanin Illela da Ƙonni, autar tana aure a Gusau da goyo. Ita kaɗai ce a gari. Aurenta ya mutu shekara 2 da suka wuce, ta dawo gida da ɗanta ɗaya, sai kowa ya ɗauka ai ita ce ba ta da abin yi. Alhali ɗinki take yi, da keken nan take riƙe kanta da yaron. Yanzu an lulluɓe keken da tsohon zani, an ɗora kwandon magunguna a kai. Ƙaramar sallar nan ko kala ɗaya ba ta ɗinka wa kowa ba.

Ranar Asabar da ta wuce na je. Na tarar da tabarma cike da 'yan dubiya, na ƙirga mata 9, ita kuma tana ta kai-kawo da kofuna, har da dama musu kunu. Ga igiya cike da zannuwan gado. Da suka watse muka zauna a ƙofar ɗaki tana ba Inna abinci, ina ba ta labarin makarantarmu, sai na ji shiru. Ashe barci ya ɗauke ta a zaune, cokali a hannu. Na kalli hannun nan, duk ya tsage saboda ruwa da garin sabulu. Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba.

Da zan tafi na sa naira 20,000 a ambulan na tura ƙarƙashin kwandon maganin. Washegari da hantsi sai ga yaronta da ambulan ɗin, da kwanon hoce a ɗaure cikin ɗankwali. Wai “Umma ta ce a gaishe ki, kin manta saƙonki a gidanmu.” Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. In na kira na ce me kike buƙata, amsa ɗaya ce: “Addu'arki kawai.”

Ga kuma gidana. Ina koyarwa a firamare, in na taso sai in biya can, ban isowa gida sai wajen La'asar. Abban yara bai hana ni ba, amma shekaranjiya ya ce, “Gidan nan ma fa yana da haƙƙi a kanki.” Na san abin da ke biyo bayan irin wannan maganar.

To me zan yi mata da ba za ta ga kamar sadaka nake ba ta ba? Kuma ina da lambar wan nan nata na Kaduna. Zuciyata tana ta raya min in kira shi in gaya masa gaskiya, don na tabbata ita “da sauƙi” kawai take ce masa. In kira?

Ɗan Kanwuri

Wa alaikumus salam. Allah shi ba su lahiya, shi sa kaffara ta. Ku yi haƙuri da Hausata, yadda nika magana haka nika rubutu.

Ni na yi jinyar tsohona shekara 3 da wata 2, wanga ciwo dai na shanyewar jiki, har Allah ya amshi abinai. Don haka abin da za ni hwaɗa miki ba ji nay yi ba.

Ki bar tambayarta mi taka so. Mutumin da bai runtsa ba, in kinka ce mai “mi kaka buƙata”, kin aza mai aiki biyu: shi zamna shi yi tunanin abin da za shi ce, sannan shi buɗe baki shi yi roƙo. Ɗiyar gidan mutunci ba ta yin haka. Ni ma “addu'a” nika cewa, alhali ko kuɗin kabu-kabu babu ga aljihuna.

Cikin dut waɗanda sunka yi muna zirga-zirga, mutum biyu na ban mancewa. Guda maƙwabcinmu na, mai hwataucin albasa. Kullum da sahe sai mu ga ɗan ga-ruwa ya turo kura, ya cika randuna da duro, in an miƙa mai kuɗi shi ce an biya. Sai da anka yi wata 4 kahin in gano wa ka biya. Wanda bai yi jinyar na kwance ba bai san ruwa ba. Zanen gado ukku, huɗu ga yini guda, ga wanka, ga tsarki, cikin garin ga da hwamho ka yin sati bai ɗiga ba. Na biyu abokina na, mai agwagwa da buje, wato keken haya mai ƙahwa ukku. Talata da Alhamis, ƙarhe 8, shina ƙohwar gida. Mu kama tsoho mu sa shi, mu tahi wurin gashi, inda aka motsa mai gaɓoɓin da sunka shanye, shi jira mu, shi maido mu. Bai taɓa ce min “in kuna buƙata ku kira ni” ba. Zowa kawai shika yi. Ke ma ki ɗauki abu guda, ko ruwa ko abincin dare na Litinin da Alhamis, ki riƙe shi awa farilla, ta san wanga ya hita daga kanta.

Batun ambulan kuwa, kuɗi ga hannu sadaka na, shi ya sa ta maido miki. Ki gano kemis ɗin da taka sayen magani, ki tahi can ki biya na wata. Bashin da anka biya babu mai maido shi.

Sai babbar magana, wadda ba za ta hwaɗa miki ba ko ɗaki guda kunka kwana. Wa ka yi ma Baba wanka? Wa ka kai shi ban-ɗaki, wa ka yi mai tsarki? Kin ce maza ba su gari, Inna ba ta iya tsayi. To ita ta. Ki auna, dattijon da ɗiyatai ba ta taɓa ganin kainai ba hula ba. Ni ranar da nit tahi Wurno biɗar kuɗi na yi kwana 2, ƙanwata ta rage gida da shi. Ashe ƙin cin abinci yay yi, ko hura bai amsa, don kada ciki shi motsa ta zan ita za ta ɗauke shi. Mu muna cewa ciwo na ya ƙaru. Sai da na komo ya riƙe ni da hannun da ka aiki, shina kallon ƙohwar da ta hita shina hawaye, kana nig gane.

Don haka in da kuɗin da za ki kashe, ki kashe su nan. A samu namiji mai hankali, mai ɓoye sirri, cikin dangi ko cikin unguwa, shi zo bayan Asuba da bayan Magariba, a yanka mai wani abu ga wata. Kuma nan na maigidanki za shi shigo. Kada ki tahi wurinai da neman izini, ki tahi da neman shawara. Ki ce mai ga matsalar da ta hi ƙarhin mata, yaya za a yi? Mu maza haka muke. In anka bar mu waje sai mu ga an ƙwace muna mata, in anka ce mu ka da dabara sai ki ga mun hi kowa zaƙewa.

Abu na ƙarshe. Dut Juma'a wanzami na zowa shi yi ma tsohona aski, in sa mai hwarar riga da hula da turare, mu aje shi bisa kujera cikin zaure. Masu wucewa Masallacin Bello su tsaya su ba shi hannu. Ran nan kaɗai shika cinye tuwonai.

Ma'aikaciyar Jinya, Arkilla

Ɗan Kanwuri ya gama magana a kan ɓangaren da ba a koyar da mu a makaranta. Ni zan ɗora da nawa, amma bari in fara da abin da ya fi tayar min da hankali a labarinki, wanda kika faɗa a wuce: ƙafar Inna.

Miki a ƙafar mai ciwon suga da ya haura wata 2 bai warke ba, ba abin wankewa a gida ba ne. Sugan yana kashe jijiyoyin ji, yana kuma rage gudun jini zuwa ƙafa, shi ya sa za ki ji tana cewa ai ba ya mata zafi alhali yana ci ta ciki. A kai ta likita ya gani cikin satin nan. In wurin ya fara wari, ko ya yi baƙi, ko ƙafar ta kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, a ranar za a tafi, ba gobe ba. Kada a jiƙa ƙafar a ruwan zafi, kada ta taka ƙasa ba takalmi, balle a wannan bazarar da siminti yake kamar tanda. In kina neman abu guda da za ki yi, to ki samo mota ki ce kin zo ɗaukar Inna.

Kyautar da ta fi kuɗi ita ce ki koyi aikin, yadda za ta iya bar miki gidan na rabin yini hankalinta kwance. Mai jinya ba ta barci ne don tana ganin in ta kau da ido wani abu zai faru. Abin ba shi da wuyar koyo.

Wanda ba ya iya juyawa da kansa ana juya shi duk bayan kamar awa 2, dama, rigingine, hagu, a tokare da matashi. A riƙa duba ƙugu, ƙashin gindi da dundunniya. In kin ga wuri ya yi duhu ko ya fara sheƙi, gyambon kwanciya ne ke sallama, kuma hana shi ya fi maganinsa sauƙi nesa ba kusa ba. Shimfiɗa ta zama busasshiya, ba tattara. Wurin ɗaga shi kada a ja hannun da ya shanye, kafaɗar tana gocewa. A rungumo shi ta bayan kafaɗu, ba ta hammata ba.

Wurin ciyarwa a zaunar da shi sosai, kada a ba shi komai a kwance, kuma ya yi kamar minti 30 a zaune bayan ya gama. Masu irin wannan ciwon da yawa haɗiya tana ba su wuya. In yana tari ko muryarsa ta canja duk lokacin da ya sha ruwa, abin yana bin hanyar numfashi ne, daga nan sai ciwon huhu. Kunu mai kauri ya fi tsinkakken ruwa sauƙin haɗiya, amma a gaya wa likita. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada ya kai giram 5 a yini, kusan cokalin shayi ɗaya ke nan, kuma dunƙulen da muke watsawa a miya uku-uku gishiri ne. A ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa, ai ba mu rasa su ba a garin nan.

Maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Wannan ne ke maido mana da mutane da shanyewar jiki karo na biyu. In za ki saya musu wani abu, sayi na'urar awon jini da littafi mai rahusa, a riƙa rubuta awo da kwanan wata, a tafi da shi ranar ganin likita. In yana yawan haura 140 bisa 90 a faɗa. Gashi kuma kada a yi wasa da shi, don watannin farko ne jiki ya fi karɓa. Akwai sashensa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma sukan nuna wa 'yan uwa motsin da za a ci gaba da yi a gida.

Allurar Inna ba ta son zafi, ga shi muna watan da zafi ke haura digiri 40. Wadda ba a buɗe ba firji take so, amma ba wurin ƙanƙara ba. In wuta ba ta zama, a sa kwalbar cikin roba mai murfi, a saka a ƙaramin tulu, a dasa tulun cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Wadda aka buɗe kada ta wuce sati 4. Ki kuma san alamar faɗuwar suga, don tana faruwa in an yi allura ba a ci abinci ba: zufa, karkarwa, ruɗewa, magana ba kan gado. In tana iya haɗiya a dama cokalin shayi 3 na sukari a ruwa a ba ta, sannan abinci. In ta suma kada a ɗura mata komai, sai asibiti.

Batun kuɗin magani, ku tambaya a SOCHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ko akwai tsarin da za su shiga. Akwai kuma Hukumar Zakka da Waƙafi. Na san mai irin zuciyar ƙawarki ba za ta taka ƙafa ta je ba, amma tambaya ba roƙo ba ce.

In kun sayi na'urar, ita ma ki ɗaura mata a hannu ki gani.

Bawan Allah

Allah ya ba su lafiya. Amma a haɗa da na Musulunci. Irin faɗuwar nan a wurin alwala ko makewayi sau da yawa shafar iska ce. A yi masa ruƙiyya, a yi ƙaho, a riƙa shafa man habbatus sauda. Akwai wani mai magani da na sani, ƙafar Inna ma garin magani kawai zai barbaɗa.

Ma'aikaciyar Jinya, Arkilla

Malam, addu'a da tofi kam a yi ta yi, ni ma ina yi wa nawa. Amma don Allah ban da barbaɗa gari a kan mikin mai suga, na ga ƙarshen irin wannan da idona ba sau ɗaya ba. Ƙaho kuma a tambayi likita tukuna, don akan ba masu wannan ciwon maganin tsinka jini, tsaga fata na iya zama matsala. Kuma kome za a yi, ƙwayar hawan jinin nan kada a ajiye ta.

Gwaggon Yara, Runjin Sambo

Jikata ce ta karanta min, ita ce kuma take rubuta abin da nake faɗa.

Ɗiyata, kada ki kira wan nan nata. Komai kusancinku ke bare ce a wannan maganar. Harshe da haƙori ma suna saɓawa su shirya, gobe in sun shirya ke ce za ki zama wadda ta kai tsegumi Kaduna. Shi Baban ba shi da ƙanwa ko ƙane a raye? Can za ki je, da goronki, ki gaida ta, ki ba ta labarin barcin nan da cokali a hannu kamar yadda kika ba mu, ki yi shiru. Ita ta san yadda za ta kira 'ya'yan ɗan uwanta ta wanke su tas, ba wanda zai ɗaga mata murya. Kuma ta yanka wa kowa nasa da suna: wane magani, wane hatsi, ta Gusau ta roƙi mijinta ta zo ta yi sati 2. In aka ce “ku taimaka” kawai, kowa zai turo abin da ya ga dama ta waya ya ce ya yi jinya.

Kuɗin da ta maido, ni ban ga laifinta ba, naki na gani. Kin tura a ɓoye kamar mai ba almajiri. Ku yaran yanzu kun manta da biki. A zamaninmu in ƙawa ta yi miki abu ana riƙe shi ne, ranar nata ki mayar har da ƙari, ba mai jin kunyar karɓa don kayanta ne suka dawo. Ba ke kika ce ta tare a gidanki da kika haihu ba? To ki kalli idonta ki ce bikinki na kawo, in kin ƙi karɓa kin yanke ƙawance. Ki ga in za ta maido.

'Yan dubiya kuma, kada a kore su. Lada suka zo nema, kuma tsoho yana so ya ga ba a manta da shi ba. Amma jinya ba suna ba ce da za a riƙa dama kunu. Ita ba za ta iya faɗa ba, 'yar gida ce, za a ce ta yi rowa. Ke za ki zama mai baƙin jinin. Ki sayi ruwan leda ki zuba a kula a ajiye bakin tabarma, wanda ya zo ya ɗauka da kansa. In an jima ki miƙe ki ce, “To Baba zai ɗan kwanta, Allah ya ba da lada.” Za su zage ki a hanya, ba kome, ba unguwarku ba ce.

Mijinki yana da gaskiya. Ki tsayar da ranakunki ya san su, kuma ranar da za ki je ki gama girkinki kafin ki fita. Namiji yana haƙuri da abu da yawa, ban da ya dawo ya tarar da murhu a sanyaye.

Kuma duk cikinku ba wanda ya yi maganar yaron nan. Shekararsa nawa? Wa yake duba allonsa, wa yake duba ko ya ci? Yaro a gidan jinya aike kawai ake yi da shi. Ki ɗauke shi ran Juma'a da yamma ya kwana biyu cikin 'ya'yanki, ya yi wasa, ya yi ƙiriniya a tsawata masa kamar kowane yaro.

Maman Tagwaye, Mabera

Na dawo bayan sati 3. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda aka yi, da mai daɗi da marar daɗi.

Ɗan Kanwuri, abin da ka faɗa a kan wanka haka yake. Da na zagayo da maganar a hankali sai ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe ba ta ɗago ba. Na kai wa Abban yara a matsayin shawara, kuma kamar kana wurin. Bayan Isha'i ya ɗauki mashin ya tafi da kansa, ya zauna a zaure da maƙwabtansu, aka samo wani magidanci mai wankin hula a bayan layinsu, wanda Baba ya taɓa koyar da shi karatu. Kwana 2 na farko Baba ya juya masa baya. Yanzu in ya makara sai ya riƙa kallon ƙofa. Abban yara ne yake biyan rabin kuɗin, shi da ke cewa gidan nan yana da haƙƙi.

Amma dabarar kemis ta watse min. Na je na biya, na roƙi mutumin ya rufa min asiri, kafin Magariba ya gaya mata a gaban mutane. Ta kira ni tana kuka, ta ce na mai da ita abin tausayi a unguwarsu. Kwana 2 ba ta ɗaga wayata ba. Ran na uku na je na yi mata maganar Gwaggo, kalma da kalma, har da yanke ƙawancen. Ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ce, “To na karɓi bikina, amma ki fita harkar mai kemis.” Gwaggo, a gaishe ki da jikarki.

Ƙafar Inna mun kai. Likita ya yi mana faɗa sosai, kuma mun cancanta. An kankare wurin, an riƙe ta kwana 6, yanzu ana zuwa wanki duk bayan kwana 2. Sun ce a ci gaba da zuba ido a kan babban yatsan, ba su yanke hukunci ba tukuna. Ku sa ta a addu'a.

Gwaggonsu tana Gidan Igwai, na je na same ta. Na Kaduna ya turo kuɗi ya ce zai zo da babbar sallah. Ta Gusau tana hanya. Na Illela har yanzu bai ɗaga waya ba.

Asabar ta zama tawa, daga ƙarfe 10 zuwa La'asar. Ranar farko ta yaye zanin kan keke ta ce za ta fara ɗinkin sallah. Na ji ƙarar keken kamar minti 10, sai shiru. Na leƙa na same ta a ƙasa kan ledar ɗaki, tef a wuya. Na ja mata ƙofa. Sai da aka kira La'asar ta fito a firgice tana tambayar wa ya juya Baba. Na miƙa mata littafin, ga ƙarfe 12, ga ƙarfe 2, ga awon jininsa. Nata awon ma na yi, Anti Nas, kuma bai yi min daɗi ba, mun ce za ta ga likita ranar wankin ƙafar Inna.

Yanzu abin da ya rage, muna so a fara fitar da Baba zaure ranar Juma'a, amma ɗaukarsa a kujerar roba yana ba su wuya, shi ma yana jin tsoro. Ko akwai mai keken marasa lafiya da ba a amfani da shi a cikin gari, aro ko saye, ya yi min magana. Dokin ƙofar zauren nasu yana da tudu, kusan taki ɗaya, don haka in akwai kafintan da ya taɓa yin katakon gangara na irin wannan, shi ma ina nemansa.